Teburin Guga Mai Ɗingishi

Da suka dawo otal bayan la'asar, Uwargida ta zube a bakin gado tana cire takalma, tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro matakala. Sha-Yawo kuwa bai zauna ba. Ya rufe ƙofa, ya leƙa bayanta, inda ya jingine teburin guga da safe, ya ga bango fari fes. Ya leƙa banɗaki. Ya buɗe kabad, ya durƙusa ya duba ƙarƙashin gado, har bayan labule sai da ya ɗaga, kamar teburin guga allura ce.

An gyara ɗakin tsaf. An canja zanen gado, an jera sababbin tawul, an kwashe shara. An kuma ɗauke teburin, da fasfo ɗinsu biyu a cikinsa, da katin banki, da manyan kuɗin guzuri. Jirginsu gobe da hantsi, bizarsu ma goben take ƙarewa.

Ba a banza ake ce masa Sha-Yawo ba. Ƙuruciyarsa duk a fataucin kayan gyaran mota ta ƙare, ƙasa ƙasa, kuma ko da bai yi boko mai zurfi ba, ya iya cewa "nawa ne" da "ya yi tsada" a harsuna da dama. Da babban ɗansu ya biya musu wannan tafiya don su huta su ga duniya, tun daga gida ya buɗe wa Uwargida makaranta, ita da ba ta taɓa ƙetare iyaka ba. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji shi, don haka sai da dabara. Ba a canjin kuɗi a filin jirgi, tsada. Ba a yi kuma da mutumin da ya tare ka a titi yana murmushi, wannan ya fi tsada. 'Yan canji a aljihun waje, manya a wani wurin daban, ta yadda in an yanki ɗaya ba a yanke ka duka ba. A yi cinikin tasi kafin a sa ƙafa ciki. A ɗauki katin otal a ajiye a jiki, ko da an ɓata. In ka rikice a hanya, kada ka tsaya tsakiyar titi kana waige-waige, shiga kanti ka rikice a can. Fasfo kuma ba a yawo da shi cikin cunkoso, kwafinsa ake ninkewa a sa a aljihu. Wanda duk ya zo maka da alherin da ba ka roƙa ba, ka riƙe aljihunka ka ce masa Allah ya ba da sa'a.

Akwai akwatin ƙarfe na ajiya a cikin kabad, mai lambobi. Sha-Yawo ya dube shi ranar farko ya yi tsaki. Ya ce duk akwatin da mai otal zai iya buɗe maka in ka manta lamba, to zai iya buɗewa ko ba ka manta ba. Ɓarawo kuma ya san ƙarƙashin katifa, ya san cikin safa, ya san aljihun jaka. Kullum sai ya samo sabuwar maɓoya. Yau da safe, Uwargida ta sa an kawo mata teburin guga ta goge mayafinta, ta shiga wanka. Shi kuma ya ɗaga rigar teburin ta can gindi, ya cusa ambulan tsakanin soso da ƙarfe, ya shafa ya ji lafiya lau, ya ninke teburin ya jingine. Har ya ji daɗin kansa. Abin da bai sani ba shi ne teburin ba na ɗakin ba ne, na aro ne, duk wanda ya nema a kai masa.

Ya ce mata zai sauka ya sha iska. Ta ce iskar da suka sha tun safe ba ta ishe shi ba? Ya fita. Lif ta yi masa nawa, ya bi matakala.

Yarinyar da ke kantar karɓar baƙi a ƙasa ba ta jin harshensa, shi ma ba ya jin nata sai lissafi. Ya shimfiɗa hannun hagu, ya dinga goga na dama a kai, yana "shhh, shhh" da baki. Ta gane, ta yi murmushi, ta ɗaga waya. Kafin ya hau sama har an kawo. Ya karɓa a bakin ƙofa, ya juya wa Uwargida baya, ya zura hannu ƙarƙashin rigar teburin. Soso ne kawai da sanyin ƙarfe.

Ya sake sauka da shi a kafaɗa. Ya nuna wa yarinyar teburin, ya yamutsa fuska, ya girgiza kai, ya ɗaga yatsa alamar wani. Aka kawo wani. Shi ma wayam. A zuwa na gaba murmushin yarinyar ya ragu saura rabi, ta kira wani abokin aikinta, suka tsaya suna kallon tsohon da ya jiƙe da gumi yana rungume da teburin guga kamar wanda zai hau mota da shi. Suka buɗe teburin a gabansa, suka danna shi, suka nuna masa lafiyarsa ƙalau. Ya ce ya sani, wani dai yake so.

Da ya dawo da na ukun, Uwargida tana zaune ta harɗe hannuwa.

"Malam, tunda aka kawo ni gidanka ban taɓa ganin ka goge ko hula ba. Yau kuma tebur kake zaɓe kamar mai zaɓen ragon suna. Me ka sa a ciki?"

Ya ce babu komai. Ta ce to ya kalle ta ya faɗa. Ya kalli taga. Sannan ya zauna a kan akwati ya faɗa mata, a taƙaice, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar bango na da kunne.

Ba ta yi ihu ba. Ta yi salati, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ai shi ke nan, ya ɓoye wa ɓarawo har ya ɓoye wa mai kaya. Ta ce su sauka yanzu su faɗa wa masu otal, a tara teburan duka a duba. Ya miƙe zumbur ya ce sam. In ya furta cewa akwai ambulan a cikin teburin guga, kafin ya rufe baki hannu goma sun riga nasa, kuma a dawo a ce masa an duba ba a gani ba, wa zai kama? Yanzu ba wanda ya sani, rashin sanin nan shi ne kaɗai makullin da ya rage musu. Ta ce kuɗin su tafi mana, a bar musu fasfo. Ya ce wanda ya ɗauki kuɗi ba ya dawo da fasfo, a kwata yake jefa shi, don shi ne shaidar da za ta kama shi. Ta ce to a kira yaron a waya. Ya ce yaron da ke wata ƙasa zai miƙo hannu ta cikin waya ne? In aka rasa, sai ofishin jakadanci, a yi ta sintiri, jirgi ya tashi, biza ta mutu, su zama masu laifi a ƙasar mutane da furfurarsu.

Yana magana yana zagaye ɗakin, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Can wani tunani ya zo masa wanda ya fi na farkon muni, ya tsaya cak. Teburin guga, guga ake yi a kansa. Wataƙila a daidai wannan lokaci wani yana can yana danna wa fasfo ɗinsu dutse mai zafi.

Uwargida ta mayar da takalman da ta cire. Ta ce ya daina wahalar da kansa da kowane tebur, nasu ta san shi: ƙafarsa ɗaya gajera ce, yana ɗingishi, sai da ta ninke tawul ta tokare shi kafin ta iya guga. Ya ce me ya sa ba ta faɗa ba tun ɗazu? Ta ce tun ɗazu an tambaye ta?

A ƙarshen barandar hawansu akwai wani ɗan ɗaki na masu gyaran ɗakuna, ƙofarsa a buɗe, cike da zannuwa da bokitai da warin sabulu. Tebura biyu na jingine a ciki. Sha-Yawo ya faɗa ciki ya fara lalube, Uwargida tana gadi. Bai gama na biyun ba sai ga mai gyaran ɗakin, wata dattijuwa mai kauri, ta riga ta cire rigar aiki ta rataya jaka za ta tafi gida. Ta tsaya tana kallon hannunsa a cikin rigar tebur, ta faɗi wata magana mai tsawo wadda ko ba fassara an san ba gaisuwa ba ce.

Uwargida ta shiga tsakani. Ta nuna tebur, ta nuna ɗakinsu, sannan ta dafa ƙugu ta yi tafiyar ɗingishi taku uku, tana karkata gefe ɗaya. Dattijuwar ta kalle ta, ta sake kallo, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ita ma ta kwaikwayi ɗingishin. Ta nuna sama da yatsa, hawa na gaba. Uwargida ta tambaye ta da hannu wane ɗaki. Matar ta buɗe tafukanta: ba ita ta kai ba. Ta duba agogon hannunta, ta ja ƙofar ta kulle, ta wuce tana dariya ita kaɗai.

Nan ƙwaƙwalwar Sha-Yawo ta dawo aiki. Ya ce su koma su ɗauko lafiyayyen teburin da ke ɗakinsu. Ciniki za a yi. Wa zai ƙi a karɓi gurgu a ba shi mai ƙafa huɗu? Ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Barandar sama doguwa ce, ƙofofi iri ɗaya a jere hagu da dama, kafet ya shanye ƙarar tafiya. Suka bi ta a hankali, shi da tebur a hammata, ita tana kara kunne tana shaƙar iska. A wata ƙofa talabijin ke ta surutu. A wata jariri ke kuka. Ya ƙwanƙwasa wata don ya ji kamar ƙarar ruwa, wata mata ta leƙo da tawul a ka, ta ga tsoho da tebur, ta rufe ƙofarta. Ya ƙwanƙwasa wata, shiru. Suka kai ƙarshe suka juyo. Ya ce wataƙila matar ta yaudare su ne, wataƙila ta riga ta lalube, dariyar nan da ta yi ba ta banza ba ce. Uwargida ta ce ya yi mata shiru, hancinta na aiki.

Ta tsaya a wata ƙofa da suka riga suka wuce. Ƙamshin yadi mai zafi da sitati na fitowa ta ƙarƙashinta. Suka kasa kunne. Dutse ya yi huci, sannan wani abu ya yi ƙwas a ƙasa, ya sake huci, ya sake ƙwas. Gajeriyar ƙafar ce ke dukan daɓe.

Sha-Yawo ya gyara hula, ya ɗora murmushin kasuwa a fuska, ya ƙwanƙwasa.

Ƙofar ta buɗe kaɗan, iya tsawon sarƙa. Wani dogon mutum ne cikin singileti, da tabarau a kan hanci, da gani shi ma baƙo ne. Ta bayansa ana hango fararen riguna a rataye, waɗanda ya gama, da tuli a kan gado, waɗanda bai fara ba. Ga teburin a tsakar ɗaki, dutse a zaune a kansa yana fitar da tururi.

Sha-Yawo ya gaishe shi da harsuna uku, bai dace da ko ɗaya ba. Ya buɗe nasa teburin a baranda, ya danna shi da hannu biyu don a ga ba ya motsi, ya nuna na cikin ɗakin ya karkata jiki, sannan ya juya hannuwa alamar musaya. Kyauta, ba ko sisi.

Dogon ya kalli teburin. Ya kalli Sha-Yawo daga hula har takalmi, ya ga ba rigar ma'aikatan otal a jikinsa. Ya kalli Uwargida, ya leƙa barandar hagu da dama, ko akwai na uku a laɓe. Sannan hannunsa ya tafi a hankali ya dafe aljihun wandonsa na baya. Ya girgiza kai, ya rufe ƙofa, aka ji ya murza makulli.

"Wannan a makarantarku ɗaya kuka yi karatu," in ji Uwargida.

Sha-Yawo ya san haka. Da shi ne a ciki, da ko sarƙar ba zai buɗe ba. Ya sake ƙwanƙwasawa, ba amsa. Ciki dutse ya ci gaba da huci, ƙafa tana ƙwas, kowane ƙwas kamar a ƙirjinsa. In ya matsa, mutumin zai ɗaga waya ya kira masu gadi, a sauko da su ƙasa a yi ta tambaya, magana ta fasu a otal duka. In ya jira mutumin ya gama, ga tulin riguna can, kafin ya kai ta ƙarshe fasfo sun dahu. Ya je ƙarshen baranda ya dawo. Ya sake zuwa ya dawo. Ya cire hula ya mayar.

"Malam, ka faɗa masa."

"In faɗa wa mutumin da ban sani ba cewa duk abin da na mallaka a ƙasar nan yana cikin ɗakinsa, ƙofa a kulle, ni ina waje?"

"To ka tsaya nan ka ji ƙamshinsu."

Ya tsaya jim. Sannan ya sa hannu a aljihun ciki, ya ciro kwafin fasfo ɗinsu da ya ninke, ya warware. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya tura takardun ta ƙarƙashin ƙofa, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya a hankali.

Hucin ya tsaya. Can ƙofar ta sake buɗewa iya sarƙa, dogon na riƙe da takardun, fuska a ɗaure. Sha-Yawo bai yi murmushi ba wannan karon. Ya nuna hoton da ke takardar, ya nuna fuskarsa. Ya juya nasa teburin, ya ɗaga rigarsa ta gindi, ya zura hannu ciki ya fitar, sannan ya miƙa yatsa ta tsagar ƙofar ya nuna wancan. Ya haɗa tafukansa biyu.

Mutumin ya waiga ya kalli teburinsa. Ya juyo ya kalle su. Ya rufe ƙofa.

Ba huci, ba ƙwas, ba motsi. Sha-Yawo ya jingina da bango, ya kasa, ya tashi. Ya ce wa Uwargida shi ke nan, ya ba kura ajiyar nama da hannunsa. Yanzu mutumin zai fito ya buɗe hannu ya ce bai ga komai ba, kuma ba alƙalin da zai saurare su. Ita kuwa leɓɓanta ke motsi da addu'a. Lif ta buɗe a can nesa, wasu suka fito da jakunkuna suna hira, suka raɓa ta gefen teburin da ke tsaye a hanya suna kallonsu.

Sarƙa ta yi ƙara. Ta cikin tsagar aka ɗago fasfo a buɗe. Dogon ya gyara tabarau, ya kalli hoto, ya kalli Sha-Yawo, ya yi masa alama ya cire hula. Ya cire. Dogon ya miƙo masa fasfo ɗinsa. Ya buɗe na biyun, ya kalli Uwargida, ita kuma ta gyara tsayuwa ta ɗaure fuska irin ta hoton. Ya miƙo. Sannan ambulan ɗin ya biyo baya da sauran abin da ke ciki. Duka da zafi, kamar burodin da aka ciro yanzu.

Sha-Yawo ya fara jero godiya, yana neman hannun mutumin ta tsagar ƙofa. Dogon bai ba shi hannu ba. Ya nuna lafiyayyen teburin, ya nuna ƙasa a bakin ƙofarsa, ya yi musu alama su ja da baya, can, har bakin lif. Sai da suka kai sannan ya zare sarƙa, ya fizgi teburin ciki, ya turo gurgun waje, ya kulle.

A ɗaki suka baje komai a kan gado. Katin banki ya lanƙwashe kamar busasshen ganye, ba injin da zai karɓe shi. Kuɗin takarda ba abin da ya same su. Fasfo ɗin Uwargida, da yake can gefe, lafiya lau. Nasa ne ya sha dutse: bangon ya yi sheƙi, shafin hoton ya ɗan yi tudu da kwari, ko da yake rubutun na nan ana karantawa. Ya danne shi da akwati. Bayan ɗan lokaci ya ɗaga ya duba, ya mayar. Ya sake ɗagawa. Uwargida ta ce in ya ƙara taɓa akwatin nan za ta zauna a kai.

Da safe ya yi cinikin tasi rabi da rabi, hankalinsa ba ya wurin, direban ya ci ribarsa. A filin jirgi layin masu duba fasfo na tafiya kamar ba ya so. Ya sa Uwargida a gaba, ya ce in an tsayar da shi kada ta tsaya, ta wuce ta hau jirgi, yaron zai tare ta. Ta ce ya ji da kansa. Aka buga mata hatimi, ta wuce ta tsaya daga can bayan gilashi, ta ƙi gaba.

Jami'in ya karɓi nasa, ya ɗora a kan na'ura. Na'urar ta yi shiru. Ya ɗaga, ya shafa shafin da babban yatsa, ya lanƙwasa shi baya kaɗan, ya sake ɗorawa ya danne da tafin hannu. Sha-Yawo yana jin gumi na bin bayansa har cikin wando. Na'urar ta yi ƙara, wuta ta kawo. Jami'in ya ɗauki hatimi, sai kuma ya dakata. Ya kai fasfo ɗin hancinsa ya shinshina. Ya kalli Sha-Yawo, ya sake shinshinawa, ya miƙa wa abokin aikinsa na kusa, shi ma ya shinshina ya ɗaga gira. Suka yi 'yar magana tsakaninsu. Sha-Yawo ya tsaya ƙiƙam yana kallon gabansa, kamar kowa ma da sitati yake goge nasa.

Jami'in ya girgiza kai, ya buga hatimin, ya ce na gaba.